Tamostat ɗin Hilux: kafin ka bari a cire maka shi, ga yadda ake gwada shi da canza shi

Duk wanda ya taɓa kai Hilux gareji da kukan obahitin, wato injin na yin zafi fiye da kima, ya san maganar da ake fara yi masa. Bakanike zai ɗaga bonet, ya leƙa, ya taɓa tiyo da bayan hannu, sai ya girgiza kai ya ce Alhaji ai tamostat ne, wannan abin na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan zafi gare mu, a cire shi kawai mota ta sha iska. Kafin ka ce kwabo yaro ya shiga ƙarƙashi ya kwanto shi ya miƙo maka, wani ɗan ƙarfe mai sifirin da faɗinsa bai wuce murfin gwangwanin madara ba, kai kuma ka karɓa ka jefa a aljihun mota kana godiya har da ƙara wa yaron na shan ruwa.

Ni ma an yi min, shi ya sa nake da bakin magana. Tawa mai fetur ce, injin 2TR mai lita 2.7, da ita nake ɗauko buhunan masara da dawa daga kasuwannin ƙauye. Wata bazara cikin Afirilu allurar zafin injin ta fara hawa duk sanda na yi lodi na kama tudu, na kai ta, aka cire tamostat, na yi kamar sati biyu ina jin daɗi don allurar ma ba ta kaiwa tsakiya. Ranar da na sake yin lodi sosai da rana tsaka sai ga ta ta koma ja kamar ba a taɓa komai ba, ga shi kuma na lura man da ke kai ni kasuwa ya dawo da ni yanzu sai na ƙara a hanya. Da aka kwance lagireto aka buɗe kansa, rabin ramukan sun toshe da tsatsa da wani farin abu kamar kanwa, ladan ruwan burtsatsen da na shekara ina ɗura mata. Kaga an kashe maciji ba a sare kansa ba, tamostat ɗin da aka ɗora wa laifi lafiyarsa lau, da na gwada shi a gida buɗewa yake yana rufewa kamar sabo.

Bari mu fara da abin da yake yi, don in ka gane wannan ba wanda zai ƙara yi maka wayo. Ƙofa ce tsakanin injin da lagireto. A cikinsa akwai wani ɗan kwanson tagulla da aka cika da wani irin kaki kamar na kyandir, in ruwan injin ya yi zafi kakin sai ya narke ya kumbura ya tura wani ɗan sanda, ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce ya dawo. In ruwan ya yi sanyi kakin ya daskare ya tsuke, sifirin ya ja ƙofar ta rufe. Ba waya, ba lantarki, shikenan aikinsa. Kuma ba wai buɗewa yake gaba ɗaya ko ya rufe gaba ɗaya ba, a hankali yake, yini yake yana ɗan buɗewa yana ɗan rufewa don ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In ka juya shi za ka ga lamba a jikinsa, 82 ce a yawancin Hilux, wato a wajen digiri 82 yake fara buɗewa, kafin ruwa ya kai 95 ya buɗe duka. Akwai masu 76 akwai masu 88 a wasu injinan.

Maganar cewa na ƙasar sanyi ne kuwa, tambaya ɗaya ce ke kashe ta. Hilux ɗin da muke hawa a ina ake haɗa su? Da yawa a Tailan, wasu a Afirka ta Kudu, da yawa kuma ta Dubai suke shigo mana, an yi su ne don ƙasashen Larabawa. Duk wanda ya je aikin hajji lokacin zafi ya san ranar Saudiyya ba ta gaza ta Sakkwato ko Maiduguri ba, amma motocin can da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani. Kuma ka yi lissafi, ranar da aka ce zafi ya kai maƙura a garinku digiri 44 ko 45 ne, injin kuwa 80 da wani abu yake so, wato ko a tsakiyar bazara iskar waje sanyi ce a wurinsa. Balle a zo hunturu, Disamba da Janairu, ka tashi motar da asuba a Jos ko Zariya ka hau titi kana gudu ba tamostat, injin zai yi tafiyar awa guda bai yi ɗumi ba.

To meye illar injin ya zauna da sanyi, ba abin so ba ne? A'a. Birenbos ɗin motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, yana da sensa da ke gaya masa zafin ruwa, muddin ya ga injin bai yi ɗumi ba zai ci gaba da ƙara mai kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci, kai kana ganin kana tafiya lafiya alhali tankinka ne ke zuba. Da can da fetur ke araha mutane ba sa lura, amma tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 kowace lita sai ka ji ta a jikinka. Wannan rarar man kuma ba duka ke ƙonewa ba, wani yana wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya gauraya da na ƙasa, ringi su dinga cin ƙarfe, baƙin man ya yi saurin lalacewa ya zama kamar kunu saboda damshin da ya kamata zafi ya kora bai fita ba. Mai dizal kuwa hayaƙi da baƙin toka ne za su taru masa. Ba rana ɗaya abin ke nunawa ba, shi ya sa ba a danganta shi da cire tamostat, sai bayan shekara biyu a ce maka injin ya fara shan baƙin mai sai an yi ringi.

Akwai kuma wani abu da ko cikin makanikai ba kowa ya lura da shi ba. A injina irin su 2TR da 2KD mai dizal, tamostat ɗin yana da wani faifai na biyu a gindinsa. Cikin injin akwai wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa ba tare da ya je lagireto ba, don ya yi saurin ɗumi da safe, to idan tamostat ya buɗe babbar ƙofa wannan faifan na gindi shi ke toshe gajeriyar hanyar, ya tilasta wa ruwa duka ya bi ta lagireto. In ka cire shi gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, ruwa kuma ka san shi da son banza, inda ya fi sauƙi yake bi, sai wani kaso ya dinga kewayawa cikin injin da zafinsa bai taɓa ganin lagireto ba. Ka ga motar da ba ta ɗumi da safe amma tana tafasa in an yi lodi da rana, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ba na ce tamostat ba ya lalacewa ba fa, yana lalacewa sosai, kuma iri biyu ne. Ko ya maƙale a rufe ko ya maƙale a buɗe. Kafin ka kama sifana ga gwajin da za ka yi ba tare da ka kwance komai ba. Da safe motar ta kwana ba a tashe ta ba, ka buɗe murfin lagireto ka tabbatar ruwa ya cika, ka mayar ka rufe, sannan ka tashe ta ka bar ta a silo. A wasu na dizal ɗin murfin ba a kan lagireto yake ba, yana kan gorar roba da ke gefe, to can za ka duba. Ka dinga taɓa manyan tiyo biyun nan, na sama da na ƙasa, da saman lagireton, amma don Allah ka naɗe hannun riga ka kula da fanka da fambel, babbar riga da bonet a buɗe ba sa shiri. Idan lafiya yake, lagireto zai zauna ba zafi na wasu mintuna allura tana hawa a hankali, sai ta kusa tsakiya ka ji zafi ya kwararo cikin lagireton kusan lokaci guda, daga baya tiyon ƙasa ma ya yi ɗumi. Wannan kwararowar ita ce buɗewarsa.

Idan tun minti biyu ukun farko ka ji lagireto da tiyo duka suna ɗumi tare a hankali, allura kuma ta ƙi hawa ko ta hau a cikin gari ta sauko in ka kama babban titi, to ko ya maƙale a buɗe ko ma babu shi, wanda ya sayar maka ya riga ya cire. A motocin da aka yi hannu da su a nan gida wannan na biyun ya fi yawa. Wani lokacin har wutar cek injin ta kama, in an sa kwamfuta ta nuna lambar matsala P0128 ko P0125. Idan kuma allura ta wuce tsakiya tana neman ja cikin minti 10 zuwa 15 alhali ƙasan lagireto da tiyon ƙasa sanyi ƙalau, to ya maƙale a rufe, kashe motar nan take. Amma ka sani wotafam, wato famfon da ke tura ruwan injin, in fukafukansa sun cinye ma yana iya nuna irin wannan, shi ya sa gwajin tukunya da zan faɗa a gaba shi ne alƙali.

Wata 'yar shawara a gefe, kar ka yarda da allurar dashbod ɗari bisa ɗari. Ta Toyota an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin na hawa yana sauka da digirori da dama, sai abu ya yi nisa take motsi. In kana da ɗan abin nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ya haɗu da waya, ko ka san mai kwamfutar gwajin mota, ka duba ainihin lambar. Tsakanin 82 da 90 da ɗan wani abu a tafiya ta yau da kullum daidai ne. In ka ga 60 ko 65 kana kan titi, ko dai ba tamostat a motar nan ko da an rantse maka, ko kuma ya maƙale a buɗe.

Sai sayen sabo. Ka tafi da lambar shasi ko ka tafi da tsohon a hannu in yana nan, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Fanteka a Kaduna ko inda kuke saye a garinku, ka ajiye su gefe da gefe. Faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, lambar digiri ɗaya, in naka na da faifan gindi to sabon ma dole ya zama da shi. Na Toyota na asali, ko Aisin, ko Tama, su ne na sani masu kyau, sai dai kwali ba shaida ba ne don jabu ma kwali mai kyau gare shi, ka duba aikin ƙarfen da rubutun da aka buga a jiki, na gaske rubutunsa fes yake ba ya karkacewa. Ni ban ba da shawarar na Beljiyam a wannan abin ba, ba ka san shekarun da ya yi yana aiki ba kuma kuɗin sabon bai kai na rabin tanki ba. Ka sayi zoben robarsa sabo tare, kar ka ce za ka mayar da tsohon, ya riga ya taushe.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana ko soket mai lamba 10 da 12, filaya ta matse kilif ɗin tiyo, sukundireba, baho mai faɗi na tarar ruwa, mazurari, tsumma, 'yar samfefa mai laushi, da ruwan lagireto. Mai fetur yana cin wajen lita 8 in an zubar duka, na dizal kusan 10 ko fiye kaɗan.

Sharaɗi na farko, injin ya huce sarai, ya fi kyau a yi aikin da safe. Murfin lagireto yana riƙe ruwa da matsi, za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, wannan matsin ne ke hana ruwan tafasa ko ya wuce digiri 100, to da ka murɗe shi da zafi ruwan gaba ɗaya zai tafasa a take ya yi tsiri sama. Na ga yaron mota a bakin titi da ya yi wannan gangancin da tsumma a hannu yana ganin ya iya, fatar hannunsa har gwiwa sai da ta saɓule, wallahi ba abin wasa ba ne.

In ya huce ka buɗe murfi, ka sa baho a ƙasa, ka murɗe ɗan famfon roba da ke gindin lagireto ruwan ya zuba. Da hannu ake murɗe shi, kar ka sa filaya ka karya. Ka kalli abin da ya fito da kyau don yana ba da labari, in ja ne ko ruwan hoda garau to masha Allah ana kula da motar, za ka iya tace shi ka mayar in bai daɗe ba, in kuwa kalar ruwan kududdufi ne mai jar ƙasa to ka san lagireto ma na buƙatar wanki, canza tamostat kaɗai ba zai fisshe ka ba. Kuma wannan ruwan guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, akuya ko kyanwa ko yaro ƙarami in ya sha yana iya mutuwa, kar a bar bahon a tsakar gida a tafi salla, a juye a jarka a rufe.

Yanzu nemo gidansa. Tsofaffin injina irin 22R a sama yake, ka bi tiyon sama daga lagireto har inda ya shiga injin, wannan ƙoƙon ƙarfen shi ne. A 2TR da na dizal 2KD da 1KD kuma ta ƙasa yake, tiyon ƙasa za ka bi, wurin ya fi matsi, wani lokacin sai ka cire farantin da ke kare ƙasan injin ka kwanta, ko ka kawar da wani abu da ya tare maka hannu. Ka matse kilif ka ja shi baya, ka murɗa tiyon hagu da dama har ya saki kafin ka ja, in ya manne kar ka zura sukundireba ka yi ta ɓanɓara za ka huda shi ko ka ƙwarzane bakin ƙarfen. Sau da yawa ma ba sai ka cire tiyon ba, ka kwance noti biyu ko uku na ƙoƙon ka janye shi da tiyonsa. Notin in ya yi tsatsa ka fesa masa mai ka ba shi lokaci, don in ya karye a cikin bulok aikin minti 40 ya koma na yini guda da neman mai walda.

Kafin ka zaro tsohon ka ɗauki hotonsa da waya yadda yake zaune. Wannan hoton zai cece ka.

To ga gwajin tukunya. Ka nemi tsohuwar tukunya ko gwangwani babba, ba ta tuwon uwargida ba in kana son zaman lafiya, kuma ba a sake girki a cikinta. Ka ɗaure tsohon da sabon da waya ka rataye su a sanda su nutse cikin ruwa ba tare da sun taɓa gindin tukunyar ba, don gindin ya fi ruwan zafi zai ruɗe ka. Tun kafin ka kunna wuta ka ɗaga tsohon ka kalli haske ta cikinsa, in ka ga ƙofar a buɗe yana sanyi to ya mutu, ba sai an gwada ba. Ka kunna wuta kana juya ruwan. In kana da abin auna zafi da ke kaiwa 100 ka sa, ya kamata ka ga ƙofar ta fara rabuwa tsakanin 80 da 84, a 95 ta buɗe kamar faɗin farcen ɗan yatsa, milimita 8 zuwa 10. In ba ka da shi ka lura da ruwan, lokacin da ƙananan kumfa suka fara tasowa daga ƙasa ruwan na ƙara amma bai ɓarke ba, a nan ake fara ganin motsi, kafin ya tafasa sosai ya kamata duka biyun sun wangame. Sannan ka sauke ka bar su su huce ka ga sun koma sun rufe ruf. Wanda ya makara da yawa, ko ya buɗe ɗan kaɗan ya tsaya, ko ya ƙi rufewa, sai bola. Sabon ma ana gwada shi ne don na taɓa sayen wanda ya ƙi motsi ruwa na tafasa, da na ɗaura shi haka da top silinda, wato kan injin, na biya.

In tsohon ya ci jarrabawa to laifin ba nasa ba ne, amma tunda ka riga ka kwance kuma ya yi shekaru, ni sabon nake sawa in ajiye tsohon a mota don ko-ta-kwana.

Wajen mayarwa ka goge bakin gidan da na ƙoƙon da tsumma, in da tsatsa ko ragowar tsohon gam ka bi shi da samfefa a hankali, alminiyam ne ba ya son ƙarfi. Zoben robar yana da tsagi a cikinsa, gefen tamostat ɗin ke shiga cikin tsagin ya zagaye shi, ba ɗora shi ake a sama ba. Inda aka yi da zoben roba ba a buƙatar gam ko kaɗan, wannan jan gam ɗin da yara ke lafta wa komai in ya matso ciki gutsurewa yake ya tafi ya toshe lagireto. Abu biyu ne in ka kuskure su aikin ya ɓaci. Na ɗaya, ɓangaren sifirin da kwanson tagulla shi ke shiga cikin injin, don shi ne ke jin zafin ruwa, in ka juya shi baya motar za ta tafasa kafin ya san me ake ciki. Na biyu, a gefen faifan akwai wani ɗan rami da ɗan ƙarfe ke lilo a ciki kamar ɗan kunne, wannan dole ya kalli sama, ta nan iska ke fita in ana cika ruwa. Ka mayar da ƙoƙon, ka fara ɗaura notin duka da hannu, sannan ka bi su da sifana kaɗan-kaɗan wannan sannan wancan har su zauna daidai. Ba notin taya ba ne, ba a taka shi da ƙafa, in ka matsa da yawa ƙoƙon tsagewa yake. Ka mayar da tiyo da kilif a inda tabonsa yake, ka rufe famfon gindin lagireto, wannan ana mantawa da shi fiye da yadda kake zato.

Ruwan da za ka zuba shi ne rabin maganar. Na Toyota akwai ja da ake sirkawa rabi da rabi, akwai ruwan hoda da ya zo a sirke ba a ƙara masa komai. In za ka sirka ka yi da ruwan batir, wato tataccen nan marar gishiri, ba na asid ba, kar a ji ni ba daidai ba. Ruwan rijiya da burtsatse da fiya wata a bar su sai an rasa yadda za a yi a hanya, su ne ke cinye wotafam su toshe lagireto su maƙalar da shi kansa tamostat ɗin. Kuma kar ka gauraya kala-kala, in za ka canza iri ka wanke tsohon ya fita tukuna.

Sai fitar da iska, a nan ne mutane da yawa ke gama aiki mai kyau su ɓata shi, su ce sabon tamostat ya jawo obahitin alhali iska ce ta maƙale a bayansa. Ka ajiye motar gabanta ya ɗan ɗaga sama, ka murɗa hita zuwa zafi in tana da ita, ka zuba ruwan a hankali da mazurari kana matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu kamar kana tatsar saniya, za ka ji yana gul-gul ruwan na sauka, ka ƙara har ya daina sauka. Ka tashi motar murfi a buɗe ka bar ta a silo kana kallo. Kumfa za su dinga fitowa jifa-jifa, da tamostat ya buɗe za ka ga ruwan ya faɗa ƙasa lokaci guda ya fara gudu, ka cika, ka ɗan taka totur sau biyu uku, in kumfa sun ƙare ka rufe murfin, ka cika gorar gefe zuwa layin sama. Ka leƙa ƙasa da fitila ka ga ko gidan na ɗiga.

Idan kumfa sun ƙi ƙarewa, suna ta fitowa a jere kamar an jefa alawa a lemon kwalba, ko tiyo ya yi tauri kamar dutse tun injin bai yi zafi ba, ko salansa na farin hayaƙi, ko ka zaro sandar baƙin mai ka ga ya koma kalar shayi da madara, to ba a nan gizo ke saƙar ba, gasket ɗin top silinda ne ya ƙone, wannan kuma sai gareji.

In duk wannan babu amma har yanzu tana zafi da lodi, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Fankar Hilux da fambel take juyawa ta hanyar wani kuloci mai man silikon a ciki, mota a kashe ka juya fankar da hannu, ya kamata ka ji tana ɗan riƙewa, in ta yi ta walawala kamar fankar silin to man ya ƙare, ana iya ƙara mata ko a canza. Ka duba gaban lagireto da na kwandensar esi, ƙura da ƙaiƙayi da fara suna toshe su musamman motar da ke shiga gona, a wanke da ruwa daga baya zuwa gaba ba da matsi mai yawa ba. Murfin lagireto da robarsa ta tsage ba ya riƙe matsi, shi ma ɗan kuɗi ne. Robar da ke zagaye fanka in an cire an yar, a nemo a mayar, ita ke sa iskar ta bi ta cikin lagireto.

Wuri ɗaya ne na yarda a cire tamostat, in ya maƙale a rufe kana tsakiyar daji, ka ce tsakanin Damaturu da Maiduguri yamma ta yi, ba shagon kaya kusa. Nan kam ka jira ya huce, ka cire, ka yi dabarar da zoben zai riƙe ruwa, ka lallaɓa ka isa gari, washegari ka sayi sabo. Kuma a irin wannan tsayuwar kar ka sheƙa wa injin mai zafi ruwan sanyi, top silinda ke tsagewa ko ya lanƙwashe.

Bayan ka gama ka fita da ita zagaye na kamar minti 20, ka haɗa da titi mai gudu da ɗan gosulo, esi a kunne, idonka na kan allura, ta hau tsakiya cikin 'yan mintuna ta tsaya cak ko kana gudu ko kana tsaye. Ka dawo ka ajiye ta a wuri busasshe don in akwai ɗiga ka ga tabo a ƙasa. Washegari da safe kafin ka tashe ta ka sake buɗe murfin, yawanci za ka tarar ruwan ya ɗan sauka saboda ragowar iskar da ta fita cikin dare, ka cika shi, ka cika gorar gefe ma, ka maimaita dubawar nan kwana biyu ko uku a jere har ka ga ya daina sauka.